Gidan Ɗanƙwairo da Gangar Kakana

 Kafin in shiga maganar da ta kawo ni wannan fili, ya kamata in fara da amsa wani laifi da na yi, domin kuwa shi ne mafarin wannan ɗan rubutu.

A zangon karatun da ya wuce, wata rana muna darasin waƙar baka, sai malaminmu ya sa mana wata waƙa ta marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, muka yi shiru muna saurare. Da ta ƙare sai ya dube mu ya ce, "Shin a cikinku akwai wanda ya fito gidan kiɗa? In akwai ya ɗaga hannu, ya taimake mu da abin da babu shi a littafi." Aji ya yi tsit. Can sai wani daga baya ya ce, "Allah ya kiyashe mu, Malam, mu ba maroƙa ba ne." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, har tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Alhali kuwa kakana wanda ya haifi ubana makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma, kuma a daidai wannan lokaci gangarsa tana nan rataye a ɗakinsa, a wani ƙauye tsakanin Talata Mafara da Bakura, ƙura ta rufe ta.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riƙa tambayar kaina, yaya mutum zai baro gida ya zo jami'a, ya zaɓi nazarin Hausa da kansa, ya haddace turke da salo da tsarin waƙoƙin makaɗa don ya ci jarrabawa, sa'an nan a tambaye shi asalinsa ya sunkuyar da kai? Watau dai muna son zuma, amma muna ƙyamar ƙudan da ya yi ta.

Kafin a tafi hutu malam ya ba mu jinga, kowa ya rubuto tarihin gidan kiɗa guda. Na ɗauki gidan Ɗanƙwairo, tun da ƙasarmu ɗaya. Abokin ɗakina kuwa, wanda yake karatun harkokin kasuwanci, su ma an ba su aiki a kan kamfanonin iyali masu sana'ar nishaɗantar da jama'a. Ya yi ta ba ni labarin kamfanin Disney na Amurka, wanda wa da ƙane, Roy da Walt, suka kafa a 1923, ɗaya yana riƙe da kuɗi, ɗaya yana zane da ƙago labari. Ya kawo kuma Hubert Ogunde na ƙasar Yarabawa, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a shekarun 1940, matansa da 'ya'yansa suna cikin 'yan wasa. Ya rufe da cewa, "Mu dai Hausawa ba mu da irin wannan, sai dai a bi mai kuɗi da ganga." Na buɗe baki zan yarda, sai na tsaya. Mene ne kamfani in ba jama'a ba da suka haɗa hannu a kan sana'a guda, da shugaba da mataimaki, da kayan aiki, da abokan ciniki, da ƙa'idar rabon abin da aka samu, da kuma hanyar da wani zai gaji wani in ta Allah ta kasance? Idan haka ne, ashe a ƙasarmu ta Bakolori akwai wanda ya girmi na Disney, sai dai shi ba a yi masa rajista a Kaduna ko Ikko ba.

Da aka yi hutu na kama hanyar gida. Duk wanda ya san ƙasar nan tamu ya san tafiya yanzu ba kamar da ba ce. Sai rana ta ɗaga ake fita, kafin la'asar sakaliya kowa ya nemi wurin kwana saboda 'yan bindiga, tun ba ma daga 2021 ba da aka kwashe 'yan mata 'yan makaranta a Jangebe. Allah dai ya kai ni lafiya. Na tarar da tsohon a gindin dogon yaro yana tufkar igiya. Bayan mun gaisa, mun taɓa wasan jika da kaka, sai na ce, "Kaka, na zo ne ka ba ni labarin kiɗa."

Ya ajiye igiyar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kiɗi? Kai da ubanka da kunka ce kiɗi abin kunya na? Mi af faru, ko boko ya ƙare an dawo ma ganga?"

Na ce masa a makaranta aka sa mu, kuma gidan Ɗanƙwairo na ɗauka. Sai ya gyara zama ya ce, "To, aboki, ka ɗauko babban gida." Abin da zai biyo baya ke nan, rabi daga littattafai, irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, rabi kuma daga bakin tsohon nan, wanda ya kalli gidan daga nesa kamar yadda mai tebur yake kallon mai kanti.

Daga gona zuwa fada

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, 'yan shekaru kaɗan bayan 1903 da Turawa suka ci Sakkwato. Mahaifinsa, Usman Ɗanƙwanda, makaɗi ne. Kakansa kuma, wanda ake kira Kaka Maiganga, laƙabinsa kaɗai ya isa shaida. Masu nazari sun kasa makaɗa gida biyu, 'yan gado da 'yan haye, watau waɗanda suka tarar da sana'ar a gida da waɗanda suka shige ta da rana tsaka. Musa ɗan gado ne. Tun yana ɗan shekara 6 zuwa 7 yake bin mahaifinsa wajen kiɗa. Shi kansa sunan da ya shahara da shi a wajen aiki ya samo shi, domin an ce a cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ɗanƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa sunan, har ya danne na yanka.

Babban abu na farko a tarihin gidan shi ne jingina da ya yi da fadar Sarkin Kayan Maradun. Gidan ya san kiɗan manoma, shi kansa Ɗanƙwairo yana da waƙoƙin noma, amma ƙafarsu mai ƙarfi a fada take. Wanda bai san sana'ar ba zai ga kamar kiɗa duk kiɗa ne. Ba haka ba ne. Makaɗin noma kasuwarsa damina ce. Zai bi 'yan gayya kunya kunya yana zuga ƙarti, ba za a sallame shi ba sai kaka ta yi, a ba shi damman gero ko na dawa. Shekarar da ruwa ya ɗauke, shi da manomi tare za su sha wuya. Makaɗin fada kuwa yana da ubangida, cinsa da suturarsa da abin hawansa suna wuyan sarki rani da damina, ga salla ƙarama da babba, ga naɗin sarauta, ga bikin 'ya'yan sarki.

Kayan aikin ma dabam ne. Gangar noma babba ce, da gula ake dukanta, tana kai amo gonaki da nisa. Kotso kuwa ɗan madaidaici ne mai baki ɗaya, a kafaɗa ake rataya shi, da hannu ake kaɗa shi ana matsa tsarkiyarsa, kuma kiɗan sarauta ne. Kakana ya taƙaita mini da cewa, "Mu ganga munka riƙe, su sunka riƙe kotso. Ganga ita ka tada ƙato, kotso shi ka tada sarki." Daɗin daɗawa, makaɗin fada sai ya san nasabar ubangidansa, wa ya haifi wa, wa ya ci wace sarauta, wane ne abokin takara da za a yi wa habaici, wane ne kuma ba a taɓawa. Wannan sani shi ne jarin gidan, kuma ba a ajiye shi a banki, sai a kan 'ya'ya.

Wa da ƙane

Abu na biyu shi ne rasuwar Ɗanƙwanda. Jama'a, kowa ya san a nan ne gidajen sana'a da yawa suke wargajewa. Uba ya faɗi, kafin sadakar arba'in an raba gona, an raba kanti, kowa ya kama gabansa. A gidan nan ba haka aka yi ba. Shugabanci ya koma hannun yayan Musa, watau Makaɗa Kurna, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗi, mataimaki ke nan mai jiran gado. Ya zauna a bayan yayansa yana amshi har lokacin da ya ja tasa ƙungiyar. Ni a ganina haƙurin nan ya fi kowace waƙa tasa wuya, domin mai murya irin wannan ya yarda ya tsaya a sahu na biyu, ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙungiyar kiɗan fada tana da tsari kamar fadar kanta. Akwai jagora mai ƙulla waƙa, da Daudu, da 'yan amshi waɗanda su ne kuma masu riƙe da kotsuna, da ɗan kanzagi mai ƙaramin abin kiɗa da yake cike gurbi, da sanƙira mai kirari da shelar kyautar da aka bayar. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji cewa 'yan amshinsa ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Zai ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su riƙa miƙa wa juna magana, wannan ya ba wancan, abin da malamanmu suke kira bayayyeniya. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da 'yan haya da aka tsinto jiya. Sai mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya, kowa ya san inda numfashin ɗan'uwansa yake ƙarewa. Shi ya sa 'ya'yansa da danginsa suka zama ƙashin bayan ƙungiyar.

Na tambayi kakana yadda ake rabo. Ya ce shi dai a tasu 'yar ƙungiyar ta mutum biyar, in an tara dammai sai a fara fid da na gyaran ganga da na mai jaki, sa'an nan babba ya ɗauki nasa, sauran a raba bisa girma, har yaron da yake ɗaukar kaya yana da nasa. Ya ce, "Ranar da babba yac ci rabon yaro, ranar kiɗi ya mutu, ko da ana jin ganga." Da na faɗa wa abokin ɗakina wannan daga baya, sai ya ce ai shi ne darasin da suka yi mako uku suna yi da Turanci.

Sardauna da akwatin rediyo

Abu na uku shi ne wanda ya fid da gidan daga ƙasar Maradun ya kai shi duniya. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya riƙe muƙamin Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Zamani ne na jam'iyyu, ga NPC ga NEPU, kuma yawancin masu jefa ƙuri'a ba sa karanta jarida, saboda haka kowane ɓangare yana bukatar murya. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙoƙi, wadda ta fi shahara ita ce ake kira Mai Dubun Nasara, har yau kuwa da wuya a yi taron tunawa da Sardauna ba a sa ta ba.

Sai kuma aka yi dace, a 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna. Muryar da a da sai an yi tafiyar kwanaki a kan doki kafin wata fada ta ji ta, yanzu ga ta a Maiduguri da Ilori da Maraɗi, har zangon Kumasi, a dare ɗaya. Kakana ya ce a ƙauyensu akwatin rediyo ɗaya ne, a ƙofar gidan mai gari. In an sa Ɗanƙwairo sai a aiko yaro da gudu a kira shi, a ce ya zo ya ji ɗan ƙasarsu. Ya ce yakan tsaya a bayan taro, daɗi da kishi suna kokawa a cikinsa.

Ranar da inuwa ta gushe

Abu na huɗu jarrabawa ce. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida 6. Ba a daɗe ba aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Ga wanda abincinsa yake fada, wannan kamar a ce wa masunci gulbi ya fara janyewa ne.

Amma Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gidan bai zauna makoki ba, bai kuma rataye kansa ga ƙofa ɗaya ba. Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar wanda ya hau gado a 1966, ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wanda ya hau a 1963, da sauran sarakuna da hakimai da manyan mutane. Mota ta maye gurbin doki, kaset ya shigo a shekarun 1970 ya kai waƙoƙin tashoshin mota da shagunan teloli. A nan kusa da su kuma ga wani gidan gado, na Makaɗa Sa'idu Faru, shi ma mai kotso daga ƙasar Maradun, wanda aka fi sani da Sarkin Kudu Muhammadu Maccido, wanda ya riƙe Talata Mafara a shekarun 1950, daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1996 zuwa 2006. Kun ga ke nan wannan 'yar ƙasa tamu ba ƙaramar ma'adinar waƙa ba ce.

Da ruwa ya zo

Abu na biyar bai faru a cikin gidan Ɗanƙwairo ba, a ƙasar da gidan yake ya faru, kuma a nan ne labarinsu da namu suka rabu. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Tafkin da ya taru a bayanta yana ɗaukar ruwa kimanin mita mai kusurwa miliyan 450, ya kuma shafe ƙasa wajen hekta 8,000 a ƙasar Maradun. Dubban mutane suka tashi daga gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu. A gaban madatsar kuma, wajen Mafara da Bakura, aka hana mutane noma ana baje ƙasa ana haƙa hanyoyin ruwa, ambaliyar da take ciyar da fadamu kowace shekara ta ragu. Da maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi ɓarin jini a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, waɗansu masu bincike kuwa suka ce waɗanda suka mutu sun haura 380.

Ƙauyen kakana na asali yana ƙarƙashin tafkin nan. Daga can suka taso, mahaifina yana ɗan yaro, gangar nan a kan jaki, har suka yada zango inda muke yanzu. Na tambaye shi ko ruwa ne ya kashe masa sana'a. Ya ce ba ruwa kaɗai ba. Ya ce manoman da ya san kirarinsu tun daga kakanninsu sun watse, kowa da inda ya nufa, makaɗi kuwa ba ya yabon wanda bai san asalinsa ba. Gonakin da aka raba a wurin aikin ruwa awon igiya ne, tarakta ke yin huɗa, sauran aiki kuma ƙwadago ne da kuɗi hannu. Gayya ta ja baya, daga baya maganin ciyawa ya zo ya ƙarasa ta. Ya ce, "Wa ka yi ma tarakta kirari? Ko ka yi ba ta ƙara sauri." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a cikin waɗanda suka kwanta a 1980 akwai ƙartin da ya sha zugawa a gona. Tun daga shekarar nan bai sake ɗaukar gula ba.

Kada in yi rashin adalci. Shinkafar rani da ake nomawa da ruwan madatsar nan ita ce take biya mini kuɗin makaranta. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne, gidaje biyu sun tashi a ƙasa ɗaya da sana'a iri ɗaya. Ɗaya ya daɗe da samun ƙofofi da yawa, saboda haka da ruwa ya zo bai cinye shi ba. Ɗayan kuwa ƙofarsa ɗaya ce, gona, da aka rufe ta sai ya mutu ba wanda ya ji.

Bayan jagora

Abu na shida shi ne rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991, yana da shekara fiye da 80, shekara 5 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara. Yadda aka yi a zamanin Ɗanƙwanda haka aka sake yi, 'ya'yansa da suka tashi a bayansa suna amshi suka ɗauki kotsunan suka ci gaba. In an lissafa daga Kaka Maiganga, zuriya huɗu ke nan a kan sana'a ɗaya. Ni da aka haifa fiye da shekara 10 bayan rasuwarsa, a wayar hannu na fara jin muryarsa. Yau waƙoƙinsa suna YouTube, suna hannun masu tura waƙa a kasuwa, ana sa su a wajen naɗi da ɗaurin aure. Tambayar da ya kamata mu ɗalibai mu yi ita ce, a cikin wannan ciniki duka, ina rabon masu gado? Ƙa'idar kakana dai ta ce in aka ci rabon mai rabo kiɗa ya mutu, ko da ana jin ganga.

Maganar mahaifina

Daren da zan komo makaranta mahaifina ya kira ni. Malamin firamare ne, bai taɓa taɓa ganga ba a gabana. Ya ce, "Na ji kana ta zama wurin tsoho kuna maganar kiɗa."

Na ce, "E, Baba, aikin makaranta ne."

Ya ce, "Zauna in gaya maka abin da littafinku bai faɗa ba. Sa'ad da na fara neman aure, an karɓi gaisuwata, aka ce za a binciki asali. Bayan kwana bakwai aka dawo mana da goronmu, aka ce ba a ba ɗan maroƙi. Kuma da idona na ga mahaifina tsaye cikin rana yana yabon mutumin da bai kai shi hankali ba, saboda dami biyu. Ranar na yi alkawari 'ya'yana da alƙalami za su ci abinci. Kana ganin na yi laifi?"

Na ce, "A'a, Baba." Kuma har zuciyata haka ne. Ba zan ce sana'ar nan ba ta da aibi ba. Wanda abincinsa yake hannun mai mulki ba kullum yake iya faɗar abin da ya gani ba, yabo yakan wuce gona da iri, zambo kuma yakan taɓa mutuncin bayin Allah. Amma na ce masa abin da ya dame ni shi ne, mutanen da suka mai da mana goro, da za a bincika gidansu za a tarar da kaset ɗin Ɗanƙwairo. Kuma ni yanzu da alƙalamin da ya ba ni, waƙar makaɗa nake nazari, da ita zan sami takardar digiri in Allah ya yarda. Ashe ban bar gado ba, kewayowa na yi ta bayan gida.

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini kuɗin mota, ya ƙara da wani abu a kai ya ce, "Wannan ka ba mai gyaran ganga ranar kasuwar Mafara, a sake mata fata, kada gara ta cinye icen. Amma kada in ji ta a ƙofar gidana." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Da na dawo na sami malaminmu a ofis na ce, "Allah gafarta Malam, ranar nan da ka yi tambaya na yi ƙarya da shiru. Ni jikan makaɗi ne." Ya cire tabarau ya dube ni ya ce ba ni kaɗai ba ne, kowace shekara yana yin tambayar, kowace shekara kuma sai daga baya ake zuwa ofis ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya tamu ta Hausa. Manyan gidaje irin na Ɗanƙwairo sun sami masu rubuta tarihinsu, alhamdu lillahi, ko da yake aikin bai ƙare ba. Amma a bayan kowane babban gida akwai ƙanana masu yawa, na makaɗan noma da na maƙera da na mahauta da na masunta, waɗanda ba su taɓa shiga rediyo ba, kuma tsofaffin da suka san su suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, rashin zaman lafiya kuma yana ƙara watsa sauran. Kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar magana. In an yi hutu, kowa ya zauna gaban tsohon gidansu ya tambaya, tun ana iya tambaya. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi. Wanda kuma ya san ya fito gidan kiɗa, in malam ya sake tambaya, don Allah ya ɗaga hannu, zai tarar nawa yana sama.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo da magabatansa, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bakolori, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.